Kwat Ɗin Baba Abdulghaffar

Nuzla, Jidda
5 ga Shawwal, 1394

Ƙanena Abdulghani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da injinan jiragen saman da aka tura ka Amirka koyon gyaransu. Mu nan alhamdu lillahi, an yi sallah lafiya. Ƙafar Gwaggo Dela ta yi sauƙi, har kasuwa take zuwa da kanta. Ta ce in tuna maka kakarka da kakata ciki ɗaya suka fito, tare suka tako daga Haɗeja har bakin teku, don haka wasiƙa ɗaya a wata uku ba zumunci ba ne.

To, ga abin da ke cin raina. Guguwar Nuzla, ƙungiyar ƙwallon da ka yi wa tsaron baya shekara shida, ta zama abin dariya. 'Yan Kurayyat sun zuba mana huɗu ba ko ɗaya a filinsu. 'Yan Ammariyya, mutanen da rabinsu tumbi ya hana su ganin takalminsu, sun ci mu uku da ɗaya. Wallahi ranar na ajiye tasi tun la'asar, don duk wanda na ɗauka sai ya tambaye ni ko daga Nuzla nake.

Kuma kowa ya san daga inda ciwon yake. In a filinmu na bayan masallaci ne, gwanin cin ƙwallonmu Mahmudu na ciki, babu mai tsaya mana. Amma da an ce wasa a wata unguwa ne, sai mudarrib ɗinmu, wato mai horar da mu, Baba Abdulghaffar ya bar Mahmudu a gida, ya sa Adamu ɗan ƙanwarsa, wanda ko ƙofar gareji aka buɗe masa sai ya buga gefe. Na tare shi da kaina, na ce, “Baba, don girman Allah, me Mahmudu ya yi maka?” Ya dube ni, ya ce, “Na ji, Usuman.” Ya ɓalla maɓallin tsohon kwat ɗin nan nasa ruwan ƙasa, wanda yake sawa ko zafi na kashe kare, ya wuce abinsa.

Gahwar Ubale, shagon shayin da muke taruwa, ta rabu gida uku. Ubale ya ce laifin mai tsaron gida ne. Tsofaffi sun ce yaran ne ba sa barci da wuri. Othman, wannan da ya zauna Alƙahira shekara biyu yana kallon manyan ƙungiyoyi, ya ce shekara goma sha shida sun ishi kowane mudarrib, zamani ya bar Baba a baya. Ni da Othman nake, ban ɓoye ba.

Abin da ya sa maganar ta yi zafi, ƙuri'a ta ba mu wasannin kofin unguwanni duka a gida, har mun kai wasan ƙarshe. Da 'yan Kurayyat za mu kara, Juma'a ashirin ga Zulhajji, a babban fili mai katanga na hanyar Makka. In Baba ya sake barin Mahmudu a gida, halas, an gama da mu. Kai da kake ƙasar da aka ce ƙwallo sana'a ce, gaya mini, yaya suke yi da mudarrib in ya ƙi jin magana?

Yayanka,
Usuman

*

Amirka
8 ga Nuwamba, 1974

Yaya Usuman,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta same ni lafiya, sai dai mura, don sanyin garin nan har cikin haƙori yake shiga. Ka gaishe da Gwaggo Dela, ka ce ta yafe mini, na gyara.

Ka tambayi ƙwallonsu. Da farko ba irin tamu ba ce. Doguwa ce kamar gwanda, kuma da hannu ake ɗaukarta a ruga. Ƙarti ne sanye da hulunan kwano, a jera su fuska da fuska, a busa usur, su yi ta karo har a danne mai ƙwallon a ƙasa. Mutum ɗaya ne ke jefawa, sauran su kare shi ko su cafe. Garin nan na da ƙungiya ta 'yan sana'a, filinta na cin mutum fiye da duk Nuzla. Bana an ci su sau bakwai cikin wasa takwas, kuma tun daga lokacin ban ƙara cin abincin rana cikin kwanciyar hankali ba.

A wurin aikinmu, da an buɗe kwanon abinci sai musu. Wannan ya ce mai jefawa ne hannunsa ya mutu. Wancan ya ce ina zai jefa, alhali masu kare shi sun bar shi ana tattaka shi? Wani ya ce mai ƙungiyar ne marowaci. Amma duk inda aka zagaya, a kan mudarrib ake sauka. Maigidan da nake haya a gidansa, dattijo mai jikoki, wanda bai iya hawa bene sai ya huta sau biyu, shi ne ke buga wa gidan rediyo waya kullum yana koya wa mudarrib aikinsa. Ran nan har matarsa ta cire wayar daga bango.

Yaya, ka ji abin da na gani. Mudarrib ɗin nan shekara uku da suka wuce a kafaɗa suka ɗauke shi. Yanzu sun aika masa motar kwasar kaya ƙofar gida, wai ya tattara. 'Ya'yansa sun daina zuwa makaranta saboda gori. Ranar Lahadi abokan aiki suka ja ni filin, na ga an cusa tsumma a riga da wando, an ɗora masa irin hular mudarrib ɗin, an rataye a jikin ƙarfe, dubban mutane na tafi. Shi kuwa yana tsaye a ƙasa yana kallo. Washegari aka kore shi. Na yanko maka hoton daga jarida don ka ga iyakar rashin kunya, ka gode wa Allah da ya sa mu ba haka muke ba.

Maganar Mahmudu kuwa, ina roƙonka ka bar ta. Baba na da dalilinsa, ni ma na san shi. Ba abin da zan rubuta ba ne a takardar da na san a gahwar Ubale za a karanta ta a bainar jama'a, kamar yadda ake yi wa duk wasiƙar da ta zo akwatinsa. Ku yi haƙuri da shi ko da za a rasa kofi.

Ƙanenka,
Abdulghani

*

Nuzla, Jidda
13 ga Zulƙida, 1394

Ƙanena Abdulghani,

Gaisuwa da fatan murar ta sake ka. Gwaggo ta ce ka dafa citta da kanumfari. Kowa lafiya, sai zirga-zirgar alhazai da aka fara, jiragen ruwa na ta sauke mutane.

Kai, Allah ya yi maka albarka! Wasiƙarka ta yi aikin da muka yi wata uku muna nema. Ranar Alhamis bayan la'asar na karanta ta a gahwa, wuri ya cika har bakin titi. Wuraren da ka shiga wa'azi na tsallake, don na san ka da sanyin zuciya tun kana ƙarami. Amma hoton nan! Hannu zuwa hannu ya yi ta yawo har ya yi laushi, Ubale ya manna shi a bango kusa da rediyo. Othman ya miƙe ya ce, “Kun gani? Ƙasar da ta je wata ma haka take yi. Mu su wa?” Aka ce yalla, a tashi a yi.

Wurin da ka ce Baba na da dalilin da ba ya rubutuwa, shi na karanta da ƙarfi, sau biyu. Nan take kowa ya gane. Ai dalilin da ake jin kunyar rubutawa bai wuce son kai ba, wato Adamu ɗan ƙanwa. Ubale ya ce in har Abdulghani, ɗan gaban goshin Baba, ya kasa kare shi a takarda, to magana ta ƙare.

Washegari Baba ya tafi masallaci ya bar kwat ɗinsa a ɗakin da muke ajiye ƙwallaye. Muka samo buhun shinkafa muka cusa masa tsumma, muka sa masa kwat ɗin, muka rataya masa usur a wuya. Fuska dai ba mu yi masa ba, kada liman ya yi magana. Muka ɗaure shi a sandar raga. Da Baba ya iso, ya tarar da mutum fiye da ɗari suna ihun sunan Mahmudu. Ya daɗe yana kallon buhun. Ban ɓoye maka ba, a lokacin na ɗan ji wani iri, amma ihu ya yi yawa. Ya ajiye makullin ɗakin a kan benci, ya tafi da 'yar farar rigarsa. Buhun muka jefa bayan gahwa da kwat ɗin da komai.

Yanzu Othman ne mudarrib. Ya zo da allo da alli, yana zana mana yadda ake yi a Alƙahira. Abin haushi, bayan kwana biyu Baba ya dawo gahwa, ya ce wa Othman, “Ka sa wanda ka ga dama, amma kada ka kai Mahmudu fili mai katanga.” Othman ya ce, “Saboda me, Baba? Faɗi a gaban jama'a.” Ya dubi mutane, ya juya ya fita. Aka bushe da dariya. Dattijo da hassada, tir!

Mahmudu kansa da farko ya yi ta noƙewa, wai ƙafarsa, wai matarsa A'i na goyo. Sai da muka ɗauke shi a kafaɗa muka zagaya unguwa, sannan ya ce zai buga. Ka shirya jin labarin kofi.

Yayanka,
Usuman

*

Amirka
9 ga Disamba, 1974

Yaya Usuman,

Lafiyata ƙalau, ka gaishe da Gwaggo. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Tir da ku! Tir da ni da na aika hoton! Na nuna muku ƙazanta don ku toshe hanci, ku kuwa kuka shafa a jiki. Mutumin da ya share filin nan da hannunsa, ya tsince kwalabe da duwatsu, ya ɗinka mana rigunan farko a keken matarsa, shi kuka mai da buhu? Kuma da sunana? Wa ya ba ka izinin tsallake rabin maganata? Kana so ka ji ƙarshen waɗanda kuka kwaikwaya? Sabon mudarrib ɗin da suka kawo an ci shi sau huɗu a jere, maigidana ya gyara wayarsa, yanzu shi yake zagi.

Na rubuta a bayan ambulan cewa kai kaɗai za ka karanta. In ka gama ka ƙona. Mahmudu ba shi da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Yana ɗan shekara uku aka shigo da shi a goye daga Bur Sudan, ubansa ya rasu ba a taɓa yi masa takarda ba. Mu uku muka sani, ni da shi da Baba. A cikin Nuzla babu mai tambayarsa, amma a wajenta ana tare motar 'yan wasa, kuma fili mai katanga ƙofa ɗaya gare shi. Ka fi ni sanin yadda ake tsananta duba takardu da an sauko daga Arfa, ana neman waɗanda suka maƙale. Shekara biyu Baba na yawon nema masa kafili, ɗan ƙasa da zai tsaya masa a yi takardar, da ni aka yi wasu tafiye-tafiyen. Ya gwammace ku kira shi mai son kai da ya faɗi wannan a gahwa, inda magana ba ta kwana.

Saura kusan wata guda, wasiƙa kuwa kwana goma take yi. Ka je wurin Othman kai kaɗai, ka ce masa ƙafar Mahmudu ce, ka ce duk abin da za ka ce. Kada ya shiga motar nan. Sannan ka je ka durƙusa wa Baba. Ka amsa mini da gaggawa.

Abdulghani

*

Amirka
7 ga Janairu, 1975

Yaya Usuman,

Ina gaisuwa. Kullum sai na duba akwati sau biyu, shiru. A lissafina an buga wasan tun Juma'ar da ta wuce. In fushi kake yi da zafin maganata, ka yi, amma ka rubuto layi ɗaya: Mahmudu na gida ko ba ya gida?

Abdulghani

*

Nuzla, Jidda
9 ga Muharram, 1395

Abdulghani,

Assalamu alaikum. Gwaggo lafiya. Ni ma jikina lafiya. Wasiƙunka biyu suna gabana. Sau uku ina fara amsa ina yagewa.

Ba ya gida.

Zan iya ce maka wasiƙun alhazai ne suka danne taka a gidan waya, kuma gaskiya ne, ta yi fiye da sati uku a hanya. Amma ta iso. Ranar Laraba, saura kwana biyu wasa, na dawo daga kai alhazai Madina, Ubale ya miƙa mini ita. Na ga abin da ka rubuta a bayan ambulan, na ce a raina, wato faɗan da zai yi mini ya yi kaurin da ba ya so a ji. Na ce ba zan ɓata wa kaina rai kafin kofi ba. Na sa ta a aljihun gaba. Da ita na tuƙa motar da ta kai Mahmudu filin, yana zaune kusa da ni.

Mun ci biyu da ɗaya, duka biyun shi ya zuba. Na yi ihu har muryata ta dushe. Da muka zo fita, sai ga masu duba takardu sun tsaya a ƙofar, mota biyu a bayansu. Kowa ya ciro tasa. Mahmudu na tsakiyarmu riƙe da kofin. Da layi ya zo kansa, ya juyo ya miƙa mini kofin, ya ce, “Riƙe, Yaya Usuman.” Haka aka sa shi a mota da rigar ƙwallo da gajeren wando, gumi bai bushe masa ba. Ni sakarai har ina cewa su bari in je gida in ɗauko masa takardarsa. A bakin katangar na tuna da ambulan ɗinka, na buɗe, na karanta a tsaye.

Ka san abin da ya fi ba ni ƙyama? Kafin magariba gahwa ta koma musu. Ubale ya ce laifin Othman ne. Othman ya ce shi allo ya sani, ba takarda ba. Waɗanda suka fi kowa ihu ranar buhu, su ne yanzu ke cewa ai laifin Baba ne da bai fito fili ya faɗa ba. Har an fara lissafin wanda zai gaji Othman. Kofin na kan kanta kusa da rediyo, ƙarƙashin hoton da ka aiko, kowa na kurɓar shayi a gabansa. Na yage hoton. Tun ranar ban sake zama wurin ba, amma kada ka ɗauka na fi su, ni ne mai wasiƙa a aljihu.

An yi ta kai da kawowa, bai yiwu ba. Kafilin da Baba ya samo ya riga ya yarda, bayan hajji za a sa hannu, amma da ya ji an kama yaron sai ya janye. Aka ce jirgin ruwa zai kai su Bur Sudan ranar Litinin da ta wuce, garin da Mahmudu bai san kowa ba. A'i da jaririyar suna gidan Baba yanzu.

Ranar Lahadi da hantsi na je. Na same shi a tsakar gida yana ɗaure wa Mahmudu ƙunshi, dabino da busasshen burodi da zane biyu. Na durƙusa, na ce, “Baba, na zo ka yafe mini. In ka yarda ka dawo, ni da kaina zan kai maka makullin.” Bai ɗago ba. Ya ce, “Yafiya na yafe, Usuman. Fili kuwa na gama.” Na yi ta magana, ban ma san me nake cewa ba. Sai ya ce, “Kwat ɗin nan da kuka sa wa buhu, yana nan?” Na ce ina jin yana bayan gahwa. Ya ce, “Je ka ɗauko. Da sauran ƙarfinsa. Yaron nan da gajeren wando aka tafi da shi, kuma watan nan akwai sanyi a teku.”

Na je na tono shi daga ƙarƙashin akwatunan lemo, mutanen gahwa na leƙe. Ni na ɗaura igiyar ranar, da irin ƙullin da nake wa kayan alhazai a saman mota, sai da na sa haƙori ta kwance. Na kakkaɓe tsumman, na wanke kwat ɗin, na yi masa guga. Ranar Litinin na kai Baba tashar jirgin ruwa. Ba a bari an matsa kusa, wani mai gadi ne ya karɓi ƙunshin ya shiga da shi. Mun tsaya a bayan shingen waya har jirgin ya ɗaga. Can sama, cikin mutanen da suka jeru a bakin ƙarfe, na hango mai kwat ruwan ƙasa, hannayen sun yi masa gajeru. Baba ya ɗaga masa hannu. Ni na kasa ɗaga nawa.

In za ka amso, ka rubuta da adireshin gidan Gwaggo Dela. Zan buɗe tun a bakin ƙofa.

Usuman